GOAT: Tambayoyi da amsoshi kan yadda akuya ta zama kirari

Duk mai leƙa muhawarar ƙwallo a Facebook ko X ya saba ganin an ɗora hoton Messi ko na Ronaldo, an rubuta GOAT da manyan baƙaƙe, an kuma liƙa hoton 'yar akuya a gefe. Wanda bai san dawan garin ba zai ɗauka zagi ne, alhali yabo ne, kuma yabon da babu na sama da shi. Ga tambayoyin da aka fi yi game da kalmar.

Mene ne ma'anar GOAT?

Haruffan farko ne na kalmomin Ingilishi huɗu, Greatest Of All Time. Abin da ake nufi shi ne gwanin da ba a taɓa yin kamarsa a fagensa ba, daga farkon wannan fage har zuwa yau. An yi dace haruffan huɗu sun haɗu sun ba da kalmar da Turawa ke kiran akuya da ita, daga nan dabbar ta shigo cikin zancen. Ba don wani hali nata aka zaɓe ta ba.

A lura da nauyin da'awar. Ba a ce gwanin bana ba, ba a ce gwanin ƙasarsu ba. Cewa aka yi a tara na da da na yanzu, wanda ya yi wasa babu takalmi mai kyau da wanda likitoci goma ke kula da gwiwarsa, shi ne a gaba. Saboda haka a asalin ma'anar, kowane fage mutum ɗaya tak yake ɗauka.

Yaya ake furta ta?

Kamar yadda ake furta sunan akuya da Ingilishi, wato kusan “got” tare da ɗan jan wasalin. Ba a bin haruffan ɗaya bayan ɗaya. A rubuce za ka ga GOAT, za ka ga G.O.A.T. da ɗigo-ɗigo, wanda shi ne tsohon salo, wasu kuma imojin akuya kawai suke sakawa su wuce.

Wa ya fara faɗin ta?

Sai an raba abin gida biyu, akwai maganar, akwai kuma taƙaita ta zuwa haruffa.

Maganar dai da ɗan damben Amurka Muhammad Ali aka san ta. Tun yana saurayi, lokacin ana kiran sa Cassius Clay, yake shelar cewa shi ne ya fi kowa. Ya sha faɗa cewa salon cika bakin a wurin wani ɗan kokawar nishaɗi ya ɗauko shi, Gorgeous George, wanda ya haɗu da shi a Las Vegas a 1961, ya ga yadda mutane ke cika zaure don kawai su ga an rufe wa mai surutu baki. Ranar 25 ga Fabrairun 1964 ya doke Sonny Liston a Miami Beach, ya zama zakaran damben duniya ajin masu nauyi yana da shekara 22, ya tsaya gaban 'yan jaridar da suka yi hasashen zai sha kashi yana ta ƙwala musu cewa shi ne gwanin gwanaye. A wannan shekarar ce ya bayyana Musuluntarsa, ya sauya suna, ya kuma kawo ziyara Ghana da Najeriya da Masar. Bayan shekara 10, ranar 30 ga Oktoban 1974, ya kwantar da George Foreman a zagaye na takwas a Kinshasa, daga nan masu jayayya suka ragu ƙwarai.

Haruffan kuma ta hanyar kasuwanci suka fito fili. A 1992 matarsa Lonnie Ali ta yi rajistar kamfani mai suna G.O.A.T. Inc. domin kula da sunan mijinta da hotonsa da duk kuɗin da ke shigowa ta dalilinsu. Ba ƙaramar dukiya ba ce, domin a 2006 kamfanin CKX ya sayi kashi 80 cikin 100 na wannan haƙƙi a kan dala miliyan 50.

Wanda ya kai kalmar bakin matasa shi ne mawaƙin rap na unguwar Queens a New York, LL Cool J. A watan Satumban 2000 ya fitar da kundin waƙoƙi mai suna G.O.A.T., kundin ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, mai jera kundayen da suka fi kasuwa a Amurka. Shi da kansa ya ce ba don Ali ba da kalmar ba ta samu ba. Daga duniyar rap ta tsallaka zuwa ƙwallon kwando, sannan sauran wasanni, sannan intanet ta raba wa duniya.

Na ji an ce daga wani ɗan ƙwallon kwando na Harlem ta samo asali. Haka ne?

Earl Manigault ake nufi, wanda ya yi suna a filayen unguwar Harlem da ke New York wajen tsalle da zura ƙwallo, amma miyagun ƙwayoyi suka hana shi kaiwa NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Ya rasu a 1998. Gaskiya ne ana ce masa The Goat tun kafin kamfanin Ali. Sai dai bayanin da aka fi bayarwa shi ne daga yadda ake karya furucin sunan gidansu laƙabin ya fito. Daga baya ne mutane suka ɗora masa sabuwar ma'anar, don ta dace da labarinsa.

Da gaske ne a dā zagi ce a wasannin Amurka?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi ban mamaki a tarihin kalmar. Kusan ilahirin ƙarni na 20, idan marubucin wasanni a Amurka ya kira ɗan wasa goat, yana nufin wanda ya jawo wa ƙungiyarsa asara. Bayan kowane babban wasa akan fitar da mutum biyu, gwarzon ranar da kuma akuyar ranar. Ana danganta wannan da kalmar scapegoat, wadda William Tyndale ya ƙirƙira a fassararsa ta Attaura zuwa Ingilishi a 1530, don bayyana bunsurun da Bani Isra'ila kan ɗora wa zunuban jama'a su kora shi jeji. Wato wanda ake jibga wa laifin kowa.

Misalin da Amurkawa ba sa mantawa shi ne Bill Buckner na ƙungiyar besbol ta Boston Red Sox. A wasa na shida na ƙarshen gasar 1986, ƙwallo mai tafiya a hankali ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, New York Mets suka ci wasan, suka kuma ɗauki kofin a wasa na bakwai. Mutumin ya yi shekara fiye da 20 yana buga wasa mai kyau, amma da wannan kuskure ɗaya aka riƙa tuna shi.

In ana son a ji abin a jika, a tuna Roberto Baggio da ya ɗaga fenariti sama a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1994, ko Asamoah Gyan da ya buga wa ƙarfe a wasan Ghana da Uruguay a 2010, ko Yakubu Aiyegbeni da ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga a wasan Najeriya da Koriya ta Kudu a Durban a wannan shekarar. Da tsohon ɗan jaridar Amurka ne ya rubuta labarin, goat zai kira kowannensu, kuma babu wanda zai ɗauka yabo ne. Cikin shekaru kaɗan kalmar ta juya baya gaba ɗaya, har yaran yanzu a can ma da yawa ba su san tsohuwar ma'anar ba. Dattawan marubuta sun yi ta ƙorafi, babu wanda ya saurare su.

Yaushe ta shiga ƙamus?

Ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya shigar da ita a watan Satumban 2018. Masu ƙamus ba sa gaggawa, sai sun ga kalma ta zauna da gindinta a jaridu da bakin jama'a. Lokacin da suka karɓe ta, ta riga ta yi shekara 18 tana yawo tun bayan kundin LL Cool J. Imojin akuyar kuwa tun 2010 yake cikin jerin alamomin Unicode, tsarin haruffa da alamomi na wayoyi da kwamfuta, an yi shi ne a matsayin dabba kawai cikin sauran dabbobi, masoya wasanni suka ba shi aiki.

Ta yaya ta shigo ƙwallon ƙafa har ta zama rigimar Messi da Ronaldo?

Gardamar waye ya fi ta girmi kalmar nesa ba kusa ba. A 2000 FIFA ta so ta fitar da gwarzon ƙarni, ta buɗe zaɓe a intanet, Maradona ya lashe. Hukumar ta ga matasa ne suka cika zaɓen, sai ta koma ga nata kwamitin, Pele ya fito. Ƙarshe aka raba musu kyautar, kuma babu wanda ya ji daɗi a cikinsu.

Amma akuyar kanta a 2018 ta shigo fili sosai. Gab da Kofin Duniya na Rasha, mujallar Paper ta Amurka ta fito da hoton Messi rungume da ɗan akuya. Ranar 15 ga Yuni a Sochi, Ronaldo ya ci Sifaniya ƙwallo uku rigis a wasan da aka tashi 3-3, kuma bayan ta farko ya ruga yana shafa haɓarsa. Jama'a suka fassara cewa gemun bunsuru yake kwatantawa, wato martani ne ga wancan hoto. A wasan gaba sai ga shi da ɗan gemu a haɓa, irin wanda Turawa ke kira goatee don kamarsa da na bunsuru. Tun daga lokacin babu gidan kallon ƙwallon da kalmar ba ta shiga ba, daga Buenos Aires har Kano.

To waye GOAT na ƙwallon ƙafa?

Ba za a gama wannan a nan ba, amma ga abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi.

Mutanen Messi za su ce kyautar Ballon d'Or 8, ƙwallo 91 a shekarar 2012 kaɗai, sannan Kofin Duniya da ya ɗaga a Lusail ranar 18 ga Disamban 2022 bayan an tashi 3-3 da Faransa, aka je fenariti Ajantina ta ci 4-2. Mutanen Ronaldo za su ce Kofin Zakarun Turai 5, Ballon d'Or 5, kofin nahiyar Turai na 2016 da Portugal, lashe gasa a Ingila da Sifaniya da Italiya, da kuma kaiwa ƙwallo 900 a wasannin hukuma a Satumban 2024. Dattijo yana gefe yana murmushi, zai ce Pele ya ɗauki Kofin Duniya 3, a 1958 da 1962 da 1970, na farkon yana ɗan shekara 17. Wani kuma zai ce a je a sake kallon abin da Maradona ya yi a Mexico a 1986, da abin da ya mayar da Napoli.

Akwai abu ɗaya da masu ƙirga Ballon d'Or kan manta. Har zuwa 1994, ɗan Turai kaɗai ake bai wa kyautar. A 1995 aka buɗe ta ga duk mai wasa a ƙungiyar Turai, George Weah na Laberiya ya ɗauka a shekarar. Ke nan Pele da Maradona a lokacin ganiyarsu ba su ma cikin lissafi. Wanda ya ce Messi 8, Pele 0, ya faɗi gaskiya a lamba, amma bai auna komai ba. Ƙari a kan haka, katin gargaɗi da jan kati sai a Kofin Duniya na 1970 aka fara amfani da su, don haka irin dukan da Pele ya sha a 1966 yau da an kori rabin masu tsaron bayan.

Ra'ayina shi ne yawancin masu cewa “na kowane zamani” abin da suke nufi shi ne tun daga ranar da suka fara zuwa gidan kallo. Ba laifi ba ne, kowa da gwaninsa. Amma a riƙa sanin cewa zaɓin zuciya ne ake yi wa ado da alƙaluma.

A sauran wasanni fa?

A ƙwallon kwando rigimar tsakanin Michael Jordan ne, mai kofin NBA 6 da Chicago Bulls, da LeBron James, wanda ya karya tarihin maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar a Fabrairun 2023. In da kofi kaɗai ake aunawa, Bill Russell mai 11 ya wuce su duka, amma ba kasafai ake jin sunansa a gardamar ba, wanda hakan ma ya nuna yadda ma'aunin ke sauyawa gwargwadon wanda ake son ya ci. A ƙwallon Amurka, wadda ake rungume ƙwallo a gudu da ita, Tom Brady ne da kofin Super Bowl 7, wato babban kofin wasan. A tanis na maza Djokovic yana da manyan kofuna 24, Nadal 22, Federer 20, a na mata Serena Williams tana da 23.

Wadda ta fi kowa rungumar dabbar ita ce Simone Biles, 'yar wasan alkafura ta Amurka. A 2021 ta fito da rigar wasa da aka zana wa kan akuya da duwatsu masu ƙyalli, a gasar Olamfik ta Paris a 2024 kuma ta ɗaga sarƙar wuya mai siffar akuya bayan ta ci zinare.

Inda gardama ta fi sauƙi shi ne inda agogo ke hukunci. Usain Bolt ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009. Wanda ya ce akwai wanda ya fi shi gudu sai ya kawo lamba.

Shi Ali ɗin ya yarda babu wanda ya fi shi?

A gaban kyamara, eh. Amma ya sha cewa in aka ajiye bambancin nauyi gefe, Sugar Ray Robinson ne gwanin 'yan dambe, kuma shi ne wanda ya yi koyi da shi. Shi kansa Ali ya yi nasara sau 56, an doke shi sau 5. Rocky Marciano ya yi ritaya da nasara 49 ba tare da an taɓa doke shi ba, amma ba shi ake kira da sunan ba. Abin da ya ɗaga Ali ya wuce lissafin dambe: ƙin shiga soja a 1967 lokacin yaƙin Vietnam, ƙwace masa kambu da hana shi wasa fiye da shekara 3, da dawowarsa ya sake karɓe abinsa.

A wajen wasanni ana amfani da ita?

Sosai, har ta wuce gona da iri. Ana faɗa wa mawaƙi, ana faɗa wa ɗan fim, ana faɗa wa wayar hannu da abinci. Yaro a Amurka zai ce wa abokinsa “you're the GOAT” don kawai ya ba shi aron caja, a nan ma'anarta ba ta wuce “ka kyauta” ba. An kuma ƙera siffa daga jikinta, goated, wato abu ya yi kyau matuƙa. Har jam'i ake yi mata, a ce GOATs, a jero mutum biyar, alhali an ce guda ɗaya ne ba shi da na biyu.

Wannan ne ya sa Jami'ar Lake Superior State da ke jihar Michigan, wadda tun 1976 take fitar da jerin kalmomin da ta ce an gaji da su, ta sa GOAT a kan gaba a jerinta na 2023. Jerin na raha ne, ba shi da ikon hana kowa magana, kuma kalmar ba ta ko girgiza ba. Amma ƙorafin yana kan hanya. Ɗan wasan da ya ci ƙwallo biyu ranar Asabar a kira shi GOAT, ranar Laraba ya ɓarar da fenariti a ce a sayar da shi, wannan ba auna tarihi ba ne, zafin kallo ne.

Zan iya faɗa wa kowa?

A'a, kuma a nan ne mai jin Hausa ya kamata ya yi hattara fiye da Ba'amurke. Dabbobin kirarinmu sanannu ne: zaki, giwa, bajimi, ingarma, zakara. Akuya ba ta cikinsu. Wanda aka ce wa ɗan akuya ko bunsuru ya san ba yabon sa aka yi ba, an taɓa mutuncinsa ne ta wajen da ya fi ciwo. A Ingilishin Najeriya ma, ka ce wa mutum goat a tasha, ka shirya wa abin da zai biyo baya, domin mai taurin kai ko marar hankali kake nufi.

Saboda haka tsakanin abokai masu bin ƙwallo babu matsala, kowa ya san zancen. Amma kar ka ɗora hoton Baba ko Malam ko surukinka ka liƙa akuya a ƙasa, kana ganin ka gwangwaje shi da yabo. Kafin ka gama bayanin haruffa huɗu an riga an kira taron dangi. A rubutu, manyan baƙaƙe su ne ke raba yabo da zagi, sai kuma kalmar the a gabanta. “He is the GOAT” yabo ne. “He is a goat” zagi ne tsagwaronsa. A takardar neman aiki ko wasiƙar ofis kuwa ba ta da wuri ko kaɗan.

Ba a shiga hurumin addini ba in aka ce mutum shi ne mafi girma a kowane zamani?

Tambayar tana tasowa ne idan aka fassara kalmar kai tsaye, domin “mafi girma” a kunnen Musulmi magana ce mai mazauni na musamman. Masu amfani da GOAT dai fage ɗaya suke nufi, dambe ko ƙwallo ko waƙa, ba fifiko a kan halitta ba. Shi kansa Ali, bayan Musulunci ya ratsa shi, ya sha maimaita cewa Allah ne mafi girma. Hukunci na malamai ne. Ta fuskar harshe kawai, wanda fassarar ta yi wa nauyi yana da hanyar kauce mata, ya ambaci fagen: a ƙwallo ba a yi kamarsa ba.

Akwai abin da za a ce da Hausa a madadinta?

Akwai, kuma sun fi ta daɗin ji. Gwani na gwanaye, gagara-gasa, zakaran gwajin dafi, ba a yi kamarka ba. Masu kallon damben gargajiya sun daɗe suna irin wannan gardama a kan Shago da waɗanda suka biyo bayansa, ba tare da sun nemi aron kalma daga kowa ba. Abin da GOAT ta fi su da shi guda biyu ne: gajarta, don haruffa huɗu ne ko hoto ɗaya, sannan ɗan Brazil da ɗan Indonesiya da ɗan Zinder duk za su gane ta a ƙarƙashin hoto ɗaya.

In za ka saka imojin, ka duba da kyau. A yawancin wayoyi rago da tunkiya da akuya suna jere kusa da juna, kuma ana yawan ganin wanda ya zo kare Ronaldo da zafinsa ya liƙa masa rago.